Daga Manhajar Waya Zuwa Akwatin Roba: Nazarin Wata Sana'ar Kayan Gwari a Jos

Matasa uku ne a Jos, mace ɗaya maza biyu, suka haɗa kai a kan dabara guda: su gina manhajar waya da za ta haɗa manomin kayan gwari da mai saye kai tsaye, a cire dillali daga tsakani. Ita ta karanci tattalin arzikin noma a Jami'ar Jos. Ɗaya daga cikin mazan ya koyi rubuta manhaja, kuma hannunsa ya faɗa sosai. Na ukun ɗan wani ɗan gwari ne, tun yana ƙarami yake kai wa mahaifinsa abinci rumfa a Farin Gada, kasuwar kayan gwari ta Jos. Ba zan kama suna ba. Zan riƙa ce musu mai lissafi, mai manhaja da ɗan kasuwa.

Yau suna da ƙaramin kamfani mai rajista da ke kai kayan miya da na salak ɗakunan girki a Abuja, yana biyan ma'aikatansa, yana kuma riƙe kansa. Manhajar da ta haɗa su ba ita suke sayarwa ba, dillalin da suka yi niyyar korewa kuwa yana cikin waɗanda sana'ar ta dogara a kansu. Yadda aka yi aka zo nan shi ne abin da nake so mu duba.

Dabarar farko

A takarda dabarar ba ta da makusa. Jos na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyinta ya sa kabeji, karas, latas, koren wake da koren tattasai suke yi yadda ba sa yi a yawancin ƙasar nan. Dankalin Turawa na fitowa daga Bokkos da Mangu. Da rani 'yan lambu na ban-ruwa daga bakin rafin Dilimi da kududdufan da haƙar kuza ta bari. Kaya su taru a Farin Gada, motoci su kwasa zuwa Abuja da Legas da Fatakwal. Duk wanda ya kwatanta kuɗin kwandon tumatir a bakin lambu da kuɗin da ake kasa shi a kasuwar Wuse ta Abuja zai ga tazara mai faɗi. Matasan suka ga tazarar, suka yanke cewa dillalai ne ke cinye ta.

Mai manhaja ya duƙufa watanni. Ya yi shafin da manomi zai ɗora hoton kaya da farashi, da shafin mai saye, da wurin biyan kuɗi. Idonsu na kan irin tallafin da Gidauniyar Tony Elumelu ke bayarwa tun 2015, dala 5,000 ga kowane mai sabuwar sana'a da aka zaɓa, don haka sun ƙware wajen bayyana dabarar cikin minti uku. A wani horon sana'a da nake cikin masu koyarwa na fara ganinsu, kuma bayaninsu ya fi na kowa tsari.

Da aka tambaye su ko sun ji ta bakin masu abin, suka ce ƙwarai. Sun zaga kasuwa da waya a hannu suna nuna wa mutane, kusan kowa ya yaba.

A nan matsalar take, kuma ina ganin ta fi damunmu mu Hausawa. Idan yaro ɗan makaranta ya zo rumfar dattijo ya gaishe shi da ladabi, ya nuna masa abin da ya sha wahalar yi, ya ce, "Baba, in an kawo wannan za ku yi amfani da shi?", babu dattijon kirkin da zai karya masa gwiwa. Zai ce, "Madalla, abu ya yi kyau, Allah Ya sa albarka." Addu'a ce ta gaskiya daga zuciya, amma ba ciniki ba ce. Kara ce ta amsa tambayar. Matasan suka tattara waɗannan addu'o'i suka rubuta su a matsayin masu saye.

Aikin da aka ba su

Hanyar da ake koyarwa a irin wannan horo ta shahara ne daga makarantar tsara ƙira ta Jami'ar Stanford a Amurka da kamfanin IDEO. An kasa ta mataki biyar: ka zauna da mai buƙata har ka fahimci halinsa, ka fayyace ainihin matsalar, ka tara dabaru da yawa, ka yi samfurin gwaji mai arha, ka gwada a hannun mutane. In gwaji ya ƙaryata ka, ka koma baya. Yawancin masu zuwa horo mataki na uku suke so, inda ake manna ƙananan takardu masu launi a bango. Na farko da na biyu su ne masu wuya, su ne kuma masu amfani.

Misalin da nake yawan bayarwa na wasu ɗaliban Stanford ɗin ne, waɗanda a 2007 aka ba su aikin ƙera kwalbar renon bakwaini mai arha. Ɗayansu ya tafi Nepal, ya tarar da kwalaben a asibitin birni babu jarirai a cikin wasunsu, domin jariran da ke mutuwa a ƙauye ake haifarsu, inda babu wuta, ba sa ma isowa asibiti. Sai suka bar maganar kwalba, suka yi wata 'yar jakar kwantar da jariri mai ɗauke da kakin da ke riƙe ɗumi na sa'o'i. Kamfanin Embrace daga nan ya fito. Tafiyar ce ta sauya musu tambayar.

Aikin da muka ba matasan namu ke nan. Su bar wayar a aljihu, su je Farin Gada tun asuba, kada su ambaci dabararsu ga kowa. Tambaya kuma kada ta zama ta gobe, ta jiya za ta kasance: lodin da ya wuce kwando nawa ka ɗora, nawa ya isa lafiya, wanda ya lalace wa ya biya? Mutum na iya yi maka kara a kan abin da zai yi, amma asarar da ya riga ya tafka zai ba ka labarinta filla-filla, har da sunan direban.

Abin da kasuwa ta nuna

Wanda ya fara rusa musu lissafi wani dattijon dillali ne, abokin mahaifin ɗan kasuwa. Ya ba su benci a rumfarsa suka wuni suna kallo. Kafin hantsi sun ga ya ba wani manomi kuɗin taki da na man injin ban-ruwa, babu takarda babu shaida, sai in kaya sun nuna a cire. Sun ga wata mata da ta zo sari daga Kudu ta kwashi kaya ta bar rabin kuɗi a kan amincewarsa. Sun ga ya raba gardama tsakanin direba da 'yan dako. Wani baƙon manomi da dare ya yi masa a jiya, a bayan rumfar ya kwana, da safe aka kawo masa koko da ƙosai. Mai manhaja ya kasa haƙuri, ya karya doka ya nuna masa wayar. Dattijon ya duba da kyau, ya ce, "Ɗana, aikinka ya yi. To, wannan abin naka yana ba da bashi? In kaya suka isa Legas aka ce sun ruɓe, wa zai tsaya wa manomi?"

Ba ina cewa duk dillali waliyyi ba ne. Akwai masu danne farashi, akwai masu cin la'ada baki biyu. Amma la'adar da dillalin kirki ke karɓa kuɗin aiki ne: shi ne banki, shi ne mai lamuni, shi ne mai masauki, shi ne alƙali. Wanda zai cire shi sai ya shirya ɗaukar waɗannan ayyuka duka, kuma manhajar ba ta ɗauki ko ɗaya ba.

To, ina tazarar farashin ke tafiya? Mai lissafi ta bi ta da hanyar da aka san kamfanin Toyota da ita, wato a yi ta tambayar "me ya sa" har sau biyar kafin a yarda an kai gindin matsala. Me ya sa tumatir ke tsada a Abuja? Saboda kuɗin mota da na shingayen hanya, kuma mai sayarwa na lissafa wanda za ta zubar. Me ya sa take zubarwa? Ya fashe a hanya. Me ya sa ya fashe? An jibga kwando a kan kwando, nauyin na sama ya sauka a kan na ƙasa, tsinken kwandon na sokar wanda ke gefe, ga gargadar hanya, ga zafin da ke tarbar mota da zarar ta gangara Hawan Kibo ta nufi Akwanga. Me ya sa ba a zuba shi a akwatin roba mai huji, wanda ke cin kimanin kilo 25, ake jera shi ba tare da ya danne kayan ciki ba, alhali an daɗe ana tallata shi a kasuwannin Arewa?

Amsar wannan tambaya ta huɗu ita ce zuciyar lamarin, kuma ba a samun ta a zaune. Manomi an biya shi a kan kwando kafin tumatir ya fashe. Dillali ya karɓi la'adarsa a kan kwando. Direba a kan kwando ake biyansa, ko kaya sun isa lafiya ko sun zama miya. Duk wanda ke da ikon sauya mazubi a wurin lodi, asarar ba a kansa take sauka ba. Wadda take sauka a kanta tana can Abuja, ba ta da ta cewa a Farin Gada. Sannan kwando shi ne ma'auni, da shi ake ciniki, kowa ya san kimarsa da ido. Kwando kuma yana rufa asiri: manya a sama, ƙanana da masu tabo a ƙasa, akwati mai huji kuwa babu abin da yake ɓoyewa. Na ƙarshe, kwando in ya tafi ya tafi, babu mai jiran dawowarsa. Akwati dukiya ce, sai an dawo da shi, kuma wa zai biya kuɗin motar akwatin da babu komai a ciki daga Legas?

Da suka baje wannan a gabana, na ga fuskar mai manhaja ta sauya. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ga aikin watanni an jingine shi. Ya yi kwanaki ba ya zuwa. Abokan ba su matsa masa ba, kuma dawowar da ya yi da kansa na cikin abubuwan da suka ceci tafiyar.

Gwaji da kayan aro

Sabuwar tambayarsu ta zama: wa asarar ke ci wa tuwo a ƙwarya har zai yarda ya biya a raba shi da ita, kuma yana kusa yadda akwati zai iya dawowa? Legas ta fita daga lissafi. Abuja tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce ta Akwanga da Keffi, mota na iya zuwa ta dawo a yini.

Ba su sayi komai ba. Sun ari akwatuna kaɗan, sun kama gurbi a wata motar J5 da ke zuwa Abuja dama, sun sayi tumatir daga lambu ɗaya a rana ɗaya, rabi a kwando rabi a akwati. Wata Hajiya mai gidan abinci, 'yar uwar mahaifiyar mai lissafi, ta yarda a sauke a bayan kicin ɗinta a buɗe a gabanta. Suka zazzage a kan buhu, suka ware mai kyau da fasasshe, suka ɗora kowanne a sikeli. Ƙasan kwandon ya jiƙe sharkaf, ruwan tumatir har ya bi siminti. Na akwati ya fito a bushe, sai 'yan ƙalilan masu tabo.

Suna jiran yabo, sai Hajiya ta ce, "'Yata, fasasshen ai ba ya damuna can, markaɗe zan kai a yi miya da shi yau ɗin nan. Abin da ke cina shi ne yarana biyu su tafi kasuwa tun safe, su dawo rana ta take, wani lokaci babu latas, wani lokaci karas ya yi tsada, ni kuma na riga na karɓi aikin biki na yanke kuɗi. Ki kawo min kabeji da karas da koren tattasai da tumatir a tsince, kafin mu ɗora tukunya, ki faɗa min farashin da ba zai motsa ba har mako ya ƙare. Wannan zan biya."

Ba akwati take so ba, kamar yadda manomi bai so manhaja ba. Akwatin hanya ce kawai. Abin sayarwar shi ne kwanciyar hankalin mai girki: kaya a tsince, a kan kilo, a kan lokaci, a farashin mako. Kuma tsarin da kansa ya warware maganar dawo da akwati, tunda motar da ta kawo na Alhamis ita za ta kwashi akwatunan Litinin, irin waɗanda ke shiga cikin juna in babu kaya.

Wannan karon da suka zaga wasu ɗakunan girki ba su nemi yabo ba. Sun ce duk mai so ya ba da kafin alƙalami na mako ɗaya. Da yawa sun ce a dawo wani lokaci. Kaɗan sun tura kuɗi, kuma da waɗannan kaɗan aka fara, da zauren WhatsApp da littafin awo irin na 'yan makaranta.

Dattijon dillali suka koma wa. Shi ya san lambun da ke yanka latas mai kyau, ya san wanda ya yi feshi jiya bai kamata a karɓi kayansa ba, ya san wanda zai cika alkawari ranar da farashi ya tashi a kasuwa. Aka yanka masa la'ada a kan kowane akwati. Suka ɗauki mata masu tsince kaya: mafi kyau ya tafi Abuja, mai bi masa a sayar wa masu kasawa a cikin Jos, wanda ya nuna sosai a kai wa masu markaɗe, ko a yanka a shanya ya zama kauɗa in lokacin hunturu ne.

Na kan tuna wa ɗalibai cewa wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan lambu suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, babu wuta babu inji. Ya san matan da yake yi wa aikin, ya yi da ƙasar da ke wurin da maginan da ke wurin, ya kuma yaɗa abin a ƙauyuka ta hanyar wasan kwaikwayo. A 2000 ya karɓi lambar yabo ta Rolex.

Inda aka kusa kifewa

Ba fasaha ce ta kusa kashe sana'ar ba, bashi ne. Wani babban otal ya ba su oda da ta fi ta duk sauran a haɗe, suka yi murna. Sharaɗin otal ɗin shi ne biya bayan wata guda, manomi kuwa kuɗinsa a hannu yake so kafin a ɗaga kaya. Kowane lodi na cin jari, kuɗin na kwance a ofishin akanta ana jiran sa hannu. A littafi riba suke ci, a aljihu babu na lodin gobe. Mako biyu dattijon ne ya tsaya musu wurin manoma da bakinsa. Mai lissafi ta dage aka ajiye otal ɗin, duk da cewa sunansa na ƙawata takardar neman tallafi. A ganina wannan ce shawara mafi nauyi da suka yanke, kuma daidai ce. Tun daga nan dokarsu ɗaya: rabi kafin lodi, rabi a wurin sauke kaya.

Sai cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita a Abuja ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin kwanaki. Alkawarin farashin mako ya zama ƙaya. Suka raba kuɗin kaya da kuɗin mota a takardar kowane mai saye, domin ya ga wanne ne ya motsa, suka kuma nemo kayan da motar za ta ɗauko a dawowa don kada ta hau tudu da akwatuna kawai. Wasu masu saye sun tafi, yawanci sun zauna.

Akwai abin da har yanzu bai warware ba. Latas na son a yanke shi da yamma a yi tafiyar dare cikin sanyi, amma tafiyar dare a hanyar tana da hatsarinta, kuma ba su yarda su sa ran direba a kan ganye ba. Suna tashi bayan sallar asuba, su lulluɓe akwatunan latas da jiƙaƙƙen buhun algarara, su haƙura da ɗan abin da ya yanƙwane. Damina kuma na rage tumatir mai kyau, dole su faɗa wa mai saye gaskiya tun farkon mako.

Manhaja ta dawo daga baya, amma a wata siffa. Da masu saye suka yi yawa, littafi ya kasa riƙe lissafin akwatuna: nawa ke wurin wa, wa ya fasa, wa ake bi. Akwatuna suka fara salwanta, wasu an mayar da su mazubin albasa a kicin ɗin mutane. Mai manhaja ya sa wa kowane akwati lamba, ya rubuta ɗan ƙaramin tsari da direba ke latsawa a wurin saukewa da ɗauka. Bai kai kashi ɗaya cikin goma na girman manhajar farko ba, kuma kullum ana amfani da shi.

Shawarar da ke gabansu

Yanzu sun rabu biyu a kan mataki na gaba. Mai lissafi na son ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a kusa da Farin Gada, ta yadda za a sayi kaya ranar da suka yi araha a ajiye. Tana kafa hujja da kamfanin ColdHubs da Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, wanda bai sayar wa 'yan kasuwa ɗakin sanyi ba, haya yake karɓa a kan kowane akwati kowace rana. Ɗan kasuwa na ganin kayansu ba sa kwana, don haka sanyi ba shi ne ciwonsu ba, gara a buɗe hanya ta biyu zuwa Kaduna. Kowannensu na da gaskiyarsa, kuma jarin ba zai ɗauki biyun ba.

Sun amince kada a ci bashi a kan ko ɗaya tukuna. Ɗan kasuwa zai je Kaduna ya nemi kafin alƙalami daga ɗakunan girki, in bai samu adadin da zai cika rabin mota ba a bar maganar. Mai lissafi kuma za ta kama hayar gurbi a ɗakin sanyin wani mai sayar da kifi na wata guda, ta ajiye karas da koren tattasai kawai, ta rubuta nawa aka saya, nawa aka fitar, nawa haya ta ci. Ƙarshen watan za su zauna a rumfar dattijon da littattafan biyu, domin shi ma an ba shi ƙuri'a.